Ranar da Injin Kawu Ya Ci Gyalena

Har yanzu in na ji ƙarar injin murza katako sai gabana ya faɗi. Da ƙyar Kawu ya yarda in koyi sana'ar a shagonsa na Birnin Kudu, da sharaɗin ranar da na yi ganganci, na koma gida ke nan. Kullum sai ya ce, "Ɗaure gyalen nan a ƙugu, inji bai san 'yar gida ba."

Ran nan wata Hajiya ta zo daga Gwaram duba ƙafafun gadon 'yarta. Na ga ai gwana kamar ni ba ta fito kamar mai daka ba. Na yafa sabon gyale, na kunna inji, na sunkuya ina yanga, har da yi mata bayani.

Sai ji na yi an fizgo ni ta wuya. Ina salati, Hajiya na salati, hancina ya kusa taɓa katakon, sai aka ɗauke wuta. Ban taɓa sa wa masu wuta albarka ba sai ranar.

Kawu ya warware ni. Ya daɗe yana kallon ƙafar gadon da ta naɗe gyalena tsaf, ni kuwa ina jiran kora.

"Ƙafar dai ta yi kyau," in ji shi. "Gobe ki zo da ɗamara."

Yanzu duk ƙafar da na murza, sai maƙwabtan shago su leƙo: "Gwana, ita wannan ba za a yi mata lulluɓi ba?"