Ranar da Na Kunna Kaset Mai Tsada a Bikin Bello

Ko tsufa zai kwashe rabin abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da bikin abokina Bello ba, ranar da na ɗaura niyyar wayar da kan mutanen ƙauyensu, Amarawa, da kiɗan Turawa.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne. Na gama kwalejin horon malamai a Sakkwato, aka turo ni gida Illela ina koyarwa a firamare. Ina da baƙin tabarau, ina da keke, ina da rakoda mai lasifika biyu, ga suma na tara kamar kwando. A ganina duk garin babu wanda ya kai ni sanin duniya (alhali iyakar tafiyata Sakkwato ce ta kudu, Ƙwanni ta arewa).

A kwaleji akwai wani bature da ya koya mana lissafi. Da zai koma ƙasarsu ya bar mini kaset ɗaya na wani kiɗa da ake ce wa fank. Yadda zan kwatanta muku shi: jita kamar ana jan kwanon rufi a kan dutse, ganga kamar mata na sussuka cikin fushi, mawaƙin kuma kamar wanda kunama ta harba yana neman wanda zai rama a kansa. Ranar farko na toshe kunne. Kafin mako ya zagayo abin ya shige ni. Da gaske nake, ina son kiɗan nan har raina. In na kunna shi sai in ji jinina na tafasa, in ji kamar in ɗaga ɗakin in ajiye a wani wuri. Abin da suke faɗa kuwa ban taɓa kama ko jimla ɗaya ba. Turancin da na koya na littafi ne, su kuma nasu kamar da tuwo mai zafi a baki suke yin sa.

Kaset ɗin ya ji jiki. Rakoda ta sha cinye shi, na sha zaro shi in naɗe da biro, in liƙe inda ya tsinke da jan farcen ƙanwata. Har ya kai wasu wuraren sai ka ji mawaƙin kamar ya faɗa rijiya.

Wata Laraba na raka Bello kasuwar Ƙwanni zai sayo turare da atamfa na biki. Muka bi ta rumfar Isuhu mai kaset, wanda ya san ciwona. Yana hango ni ya washe baki.

"Mushe! Taho, taho, kayanka sun iso!"

(Mutanen Nijar haka suke kiran malamin makaranta. Tun ina jin haushi har na saba.)

Ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya fito da wani kwali baƙi mai sheƙi, da rubutu ruwan hoda a karkace. Ina ganin hoton na gane mutanena ne. Na miƙa hannu biyu zan karɓa.

"Wanga ba na yara ba na," in ji Isuhu, ya rage murya. "Bugu na musamman na, ta Yamai yab biyo. Kaset biyu ag ga ciki, da littahin hotuna. Na hwarko waƙoƙin da kas sani na, an wanke su tas. Na biyu ko, abin da ba a taɓa saki ba. Ko can ƙasarsu sai manya ka jin shi."

Da ya faɗi kuɗin a sefa, Bello ya juya shi zuwa naira a ka, ya kama hannuna ya ja.

"Kai, ba kana da shi gida ba?"

"Ina da shi."

"Waƙoƙin sun canza?"

"Ba su canza ba, amma an wanke su."

"To kwali za ka saye ke nan. In kwali kaka so, in ba ka na sabulu kyauta."

Na ce masa shi bai san darajar abu ba, mutumin da bai wuce kiɗan kalangu ba ina zai gane. Na roƙi Isuhu ya ɓoye mini. Ranar Lahadi, kasuwar Illela na ci, na tura kekena na sayar. Laraba ta gaba na shiga motar Ƙwanni, na dawo rungume da kwalin a cikin riga kamar jariri.

Gaskiya ɗaya zan faɗa don kada in zalunci Isuhu: kaset na farko ya yi. Da na kunna shi sai da na miƙe tsaye. Ashe akwai wata jita mai kauri a ƙarƙashin hayaniyar da ban taɓa ji ba duk shekarun nan! Na yi tsalle a ɗaki har ƙanwata ta leƙo ta ga ko lafiya. Na biyun kuwa na bar shi cikin ledarsa. Na ce wannan ba a ɗaki za a buɗe shi ba, sai gaban jama'a, kamar buɗar kan amarya. Wace jama'a ta fi ta bikin Bello? Ga kuma Luba, ƙawar amarya, wadda na daɗe ina kewaya gidansu da keke ban iya tsayawa ba. Yanzu ba keken, sai dai kiɗa ya yi mini magana.

Na sami Bello na ce zan sa fank a bikinsa. Ya ce to, ba laifi. Sai daga baya na gane shi fonk ya ji, wancan mai laushi da ake sawa a rediyo samari na rausaya. A bakin Turawa abu biyu ne, a namu bakin harafin farko ɗaya ne.

Sai littafin hotuna. Mawaƙan nan gashinsu a tsaye yake cako-cako kamar ƙayar bushiya. Na ce ai ba a yin abu rabi. Na gwada man kitso, suma ta kwanta. Na gwada ruwan sukari, ƙudaje suka raka ni har masallaci. A ƙarshe sabulun wanki ya yi aiki. Safiyar biki na jiƙa shi na cusa a suma, na murɗa ta tsini-tsini, na zauna a rana ta bushe ƙam. Na kifa malfa a kai don kada asiri ya tonu kafin lokaci. Babbar riga da malfa da baƙin tabarau, ga rakoda a kafaɗa, haka na sauka Amarawa.

Bayan la'asar aka cika ƙofar gidan su Bello. Dattawa a tabarmi ƙarƙashin bishiyar bedi, cikinsu har da Kawu Hedimasta, ƙanin mahaifiyar Bello, wanda ya taɓa zuwa kwas Ingila, mutumin da ko tari ya yi malamai sai sun gyara tsayuwa. Samari a benci, 'yan mata sun yi gungu gefe guda, Luba a tsakiyarsu da ɗaurin kallabi mai tsayi. Makaɗan kalangu da aka gayyato motarsu ta lalace a hanya, mutane sun fara hamma. Bello ya dube ni ya gyaɗa kai.

Na miƙe. Na haɗa rakoda da babbar lasifikar da aka ɗauko haya, wadda aka ɗaure a saman bedi, aka jona da batirin mota. Na karɓi abin magana.

"Jama'a, assalamu alaikum! Yau za ku ji abin da ko Kano ba su ji ba. Ko Ikko ba su ji ba! Wanga kaset, ni kaina ban taɓa jin shi ba, na aje shi don ango da amarya!"

Aka yi tafi. Na ɗaga kaset sama kowa ya gani, na yage ledar da haƙori, na saka, na danna.

Shiru. Sai wani huci kamar iska a bututu. Sai wani bature ya yi tari. Ya sake tari, ya yi kaki mai tsawo, ya tofar. Duk wannan ta lasifikar da ake ji har bakin kasuwa.

Na yi murmushi na ɗaga hannu, alamar a yi haƙuri, somin taɓi ne.

Jita ta yi wata ƙara ƙiiii, ta tsaya. Sai muryoyi biyu suka kama cacar baki. Wata gwaggon Bello da ke kusa da ni ta taɓo rigata.

"Malam, mi yaka cewa?"

Da na yi shiru da na tsira. Amma Luba na kallo. Na mayar da abin magana bakina na ce, "Gwaggo, addu'a ta shika yi. Shina roƙon Allah Shi ba ango da amarya zaman lahiya."

"Amin, amin," in ji tsofaffi, har da shafa fuska.

Ba su sauke hannu ba baturen ya saki wata gyatsa, doguwa, mai hawa da sauka, abokansa suka fashe da dariya a cikin kaset. Samarin benci suka taya su.

Kafin in san abin yi sai kiɗan ya ɓarke gaba ɗaya, ganga da jita da ihu. Wayyo daɗi! Waƙar da na fi so ce. Nan take na manta da tari da gyatsa, na ce lokaci ya yi. Na cire malfa na wurga sama, na faɗa tsakiyar fili na kama tsalle, ƙafa biyu a haɗe, sama da ƙasa, yadda na gani a hoto. Babbar riga na tashi kamar fiffiken jimina. Na ji wata mata ta ce, "La'ilaha! Mi as sami kan Malam?" Jakunan da aka ɗaure a bayan gida suka tsinke, awaki suka bi ta kan tabarmar dattawa, yara suka sa kuka. Ni duk na ɗauka armashi ne.

Abin da ban lissafa ba shi ne gumi. Zafin Illela ba ya wasa da kowa, balle mai tsalle cikin babbar riga. Sabulu ya narke. Ya gangaro ta goshi, ya bi ta ƙarƙashin tabarau, ya shige idona duka biyu. Wanda sabulun wanki bai taɓa shiga idonsa ba ba zai gane ba. Na runtse ido, hawaye na zuba, amma na ci gaba da tsalle ina bin waƙar da ƙarfi, don namiji ba ya tsayawa a tsakiyar rawa.

Ashe kiɗan ya tsaya. A tsakiyar baiti suka katse. Ni kaɗai na rage a fili, ido rufe, ina tsalle ina kururuwa da Turancin da ba Turanci ba, jama'ar unguwa guda na kallona tsit.

Sai cacar bakin ta dawo, wannan karon da zafi. Na ji muryar Kawu Hedimasta a kusa da kunnena.

"Malam, kashe abin ga."

Na lalubo rakoda a makance. Maimakon in kashe, na murɗa wajen ƙara murya har ƙarshe.

"Kashe nic ce!" Ya juya ga dattawa. "Wanga ba waƙa ba ta, gwaji na sukai kahin su yi ta gaske. Mai waƙar na zagin mai ganga don ya ɓata kiɗi. Ya gama da shi, ya koma kan uwatai. Ita ta addu'ar da kunka shahwa."

Bello ne ya cece ni, ya finciko wayar daga batiri. Cikin shirun nan na durƙusa ina murza ido ina cewa a taimake ni da ruwa. Na ji takun mutum, na ji ƙamshin turare, aka fara tsiyaya mini ruwan buta a ka. Na sa hannu biyu na cuɗa. Kumfa ta tashi. Ba 'yar kaɗan ba, ta rufe kai da kunnuwa, tana zuba kan rigar biki, ƙara ruwa ƙara kumfa. Da ƙyar na buɗe ido ɗaya. Luba ce riƙe da buta, ta cije leɓe, kafaɗunta na rawa.

"Malam," ta ce a hankali, "a kawo soso?"

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Ƙwanni. Har Kawu Hedimasta sai da ya juya baya yana goge ido da hannun riga. Ana cikin haka makaɗan kalangu suka iso a ƙafa, ba wanda ya ko dube su.

Labari ya riga ni isa Illela. Kakata ta yanke hukuncin cewa iskoki ne suka taɓa ni, ta turara ni da hayaƙi mai wari har na yi mako ina atishawa. 'Yan ajina suka sa mini Malam Kumfa, kuma har yau akwai masu furfura a garin nan da ba su san sunana na yanka ba. Luba ta auri wani malamin dabbobi. In mun haɗu a wajen suna ko biki muna gaisawa cikin mutunci, sai dai ba ta iya kallon kaina.

Da gero ya fara nuna a shekarar, sai ga saƙo Kawu Hedimasta na nemana. Na tafi a ƙasa. Na same shi yana alwala.

"Malam, kaset ɗin nan na zagi, shina nan?"

"Shina nan, Kawu. Ƙone shi za ni yi."

"Kak ka ƙone. Tsuntsaye sun dame ni gonar Garu. Ara min shi da rakodar."

Ya rataye ta a kan rumfar tsakiyar gona. Manoman wurin sun rantse mini cewa daga ranar ko tsuntsu jan-baki ɗaya bai sake sauka ba, sai gonakin maƙwabta suka koma. Bayan girbi ya aiko mini da damin gero, da saƙon cewa in na ji an sake fitar da wani bugun na musamman in sanar da shi da wuri.

Don haka in ka tambaye ni ko irin wannan bugu mai tsada ya cancanci saye, amsata ita ce: in kana da gonar gero, saya, ba za ka yi asara ba. In kuwa biki za ka kai shi, fara saurarensa kai kaɗai a ɗaki, ƙofa a rufe. In kuma tsohuwa ta tambaye ka abin da bature ke faɗa, ka ji tsoron Allah ka ce ba ka sani ba.