Ranar da Darakta Ya Ce a Ƙara Girman Rubutu

Ko zan manta da komai na aikin ofis, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, shekarata ta uku a sashen kwamfuta na wata hukuma a nan Dutse.

A hukumar kowane sashe da manhajarsa. Ta 'yan sufuri daban, ta masu kula da ma'aikata daban, kuma babu wadda ta san inda 'yar'uwarta take. Sai aka ce a kafa manhajar rajista, wato kamar littafin adireshi, inda kowace hidima za ta shigar da sunanta da adireshinta da bayanin aikinta, a ɗora ta kan babbar saba, na'urar da ke ɗauke da duk manhajojin hukumar. Shugabar sashenmu, Hajiya Rabi, ta tambayi wanda zai iya. Kafin ta rufe baki na ɗaga hannu, na ce mako biyu ya ishe ni. (An riga an ce wanda ya yi aikin shi za a tura kwas Abuja. Ban ce shi ya sa ba, amma shi ya sa.)

Na fara gwaji a kwamfutata, a gida a unguwar Takur. Rajista ba ta gwaduwa sai da sunaye a ciki, don haka na riƙa ƙirƙirar na bogi. Da na gaji da rubuta shirme, sai na koma rubuta na nishaɗi. Na sa "Hidimar Dawo Gobe, ta sashen sufuri". Na sa "Hidimar Faɗan Hajiya, ba ta hutun ƙarshen mako". Har Darakta na yi wa tasa. Ni kaɗai ina ta dariya, matata tana leƙowa ko lafiya.

Da aka zo ɗorawa kan saba, dariya ta ƙare. Manhajar ta hau, amma ta ƙi haɗuwa da rumbun bayanai, wato inda take adana sunayen da aka shigar. Kwana uku ina fama, in gyara nan, can ya ɓalle. Ana gobe taron da zan nuna wa Darakta manhajar, bayan la'asar, sai dabara ta faɗo mini: na kwafe rumbun da ke kwamfutata gaba ɗaya na zuba a sabar. Nan take ta tashi. Na shigar da hidimomi uku na gaske, na ga suna fitowa, na rufe ofis na tafi har da sayen tsire.

Ranar Laraba ɗakin taro ya cika. Darakta a gaba, dattijo mai sanyin magana, shugabannin sassa a gefensa, Hajiya Rabi kusa da ni. Aka haska allon kwamfutata a bango. Na nuna hidima ta farko, ta biyu, ta uku. Komai lafiya. Har na fara sa hannu a aljihu ina bayani.

Darakta ya ce, "To, idan mutum bai san adireshin ba, suna kawai zai rubuta?"

Na ce, "Ƙwarai, ranka ya daɗe."

"Rubuta ofishina mu gani."

Na rubuta "Darakta", na danna. Layi ɗaya ya fito. Ni kuwa fuskarsa nake kallo, ina jiran yabo.

Ya ce, "Idon ya tsufa. Ƙara girman rubutun."

Da hannuna na ƙara. Sau biyu ma. Sai da ya gyara tabarau ya fara karantawa a fili sannan na waiga bango.

"Hidimar Gyangyaɗin Darakta. Tana aiki daga azahar zuwa la'asar, Litinin zuwa Juma'a. Ba ta taɓa lalacewa ba."

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. Ina jin ƙarar fanka. Shugaban sufuri ya sunkuyar da kai kafaɗunsa na rawa, bai san nasa layin na nan tafe ba.

Darakta ya ce, "Akwai saura?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gwaji ne."

"Na gane. Buɗe mana duka."

Goma sha ɗaya ne. Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Da ya zo kan ta Hajiya, ba ta ko dube ni ba, ta dai rufe littafinta a hankali. Shugaban sufuri kuma tuni kafaɗunsa sun tsaya.

Da ya gama ya cire tabarau ya ce, "Manhaja dai tana aiki, Allah Ya yi albarka. Amma a gyara bayanin. Ranar Juma'a da azahar ina masallaci."

Washegari takardar neman bahasi ta same ni. Kwas ɗin Abuja wani ya tafi. Na bi ofis goma sha ɗaya ina ba da haƙuri, na Hajiya na bari a ƙarshe. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ni faɗan nawa bai isa ba ashe, tunda ka ɗora abu kan saba ba ka duba cikinsa ba."

Rajistar tana nan tana aiki har yau. Ni kuma na koyi cewa kwamfuta ba ta riƙe wa kowa sirri. Kuma duk wanda ya ce in ƙara girman rubutu, ko waye shi, sai na fara karantawa tukuna.