Ranar da Na Yanke wa Isuhu Ƙafafu

Ko me zan manta a shekarun da na yi ina koyarwa a Madawa, ba zan taɓa mantawa da wani yammacin Alhamis ba, da na tsaya a gaban mutum fiye da talatin, kamara rataye a wuyana, wata baiwar Allah tana tambayata inda na kai ƙafafun ɗanta. Yau ina ba da labarin ina dariya. A ranar kuwa, da ƙasa ta tsage da na shige ko sallama ban yi ba.

Farkon shekarun tamanin ne. Ina mushe, wato malamin makaranta, a wata lakwal ta cikin gari, sabon aure, albashi kuma yana rigan wata ƙarewa. Sai wani abokin aikina da aka yi wa canjin wuri ya ce zai sayar da kamararsa. Ban yi shawara da kowa ba, na kai kekena kasuwa, na dawo gida a ƙasa da kamara a hannu. Mai ɗakina ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "To, ita za ka hawa zuwa lakwal?" Na ce ta jira ta gani, kafin shekara babur zan saya.

Ina da dabara, ko kuma in ce ina tsammanin ina da ita. Akwai mai hoto guda a gari, amma aikinsa hoton katin shaida ne da na biki. Ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukar yara a filin balo, wato ƙwallo. Ni kuwa ina da tsofaffin mujallun wasanni da nake tarawa, cike da 'yan ƙwallo a sama, baki buɗe, gumi yana tashi. Na ce irin wannan zan kawo wa Madawa. Yammacin Alhamis ba karatu, Lahadi ma haka, kuma ranakun ne yara suke wasa. Sana'a ta samu ba tare da na taɓa aikin gwamnati ba.

Saura farashi. Na zauna da littafin lissafi kamar mai shirya jarrabawa. Fim mai hoto talatin da shida jikka biyu. Wanki da bugawa a Konni jikka uku, don a garinmu ba a wanke irin nawa. Direban da zai kai ya dawo da shi dala ɗari (dala sefa biyar ce, jikka kuwa dala ɗari biyu, ga wanda bai saba da ƙirgenmu ba). Na raba, kowane hoto ya tsaya mini a wajen dala talatin. Ban kawo a raina cewa wani hoton zai ƙi fitowa ba, balle wani mutum ya ƙi saye. Sai na samu kwali na rubuta da kyakkyawan rubutuna na allo: hoton tsaye dala arba'in, hoton wasa dala sittin. Hujjata ita ce kowane wawa zai iya ɗaukar wanda ya tsaya cak, amma kama mutum yana cikin gudu sai gwani. Gwanin nan kuwa bai taɓa ƙare fim ko ɗaya ba a rayuwarsa.

Ana gobe yaranmu za su kara da na Urno, wata mata ta yi sallama a ƙofar gidana. Innar Isuhu ce, ɗan ajina mai shekara goma sha biyu, wanda duk ƙwallon da muke ci daga ƙafarsa ko kansa take fitowa. Ba ta kama sunansa, don ɗan fari ne. Bayan gaisuwa ta ce:

"Mushe, an ce mini kana ɗaukar hoto. Uban yaron ga shina Abijan, shekara huɗu bai zo ba. Ya aiko mishi da takalman balo, ya ce a ɗauke shi da su a aika mishi ya gani. Ilu maƙwabcinmu na tahiya can ran Lahadi ta sama, shi za mu ba."

Ta dubi kwalin da na jingine, ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta ce, "Wane ya hi kyau?"

Na ce, "Mai tsadar mana."

Ta kwance bakin zanenta ta ƙirgo dala sittin, duk ƙananan kuɗi, irin na mai sayar da ƙosai. Wallahi na ji maganar takalman da kunnena. Amma hankalina yana can wajen yadda zan kama yaron a sama, har ina hango mutanen Abijan suna miƙa wa juna hoton suna tambayar wane ne ya ɗauka.

Ranar wasa na yi abin da ba a taɓa gani ba a filin nan. Na yi gudu a gefen layi, na durƙusa, na kwanta rubda-ciki da farar rigata, har balo ta same ni a kunne sau ɗaya ('yan kallo sun fi tafa wa wannan fiye da cin farko). Yara da dama sun zo kafin a fara suna son hoton tsaye, na hana su. Na ce tsayuwa ta tsofaffi ce, su bari in ɗauke su suna aiki. Muka ci biyu da ɗaya, Isuhu ya ci ta biyun da ka, ni kuma na danna daidai lokacin da ya tashi.

Kwana shida ina jiran direba. Da ya miƙo mini ambulan na shige ɗaki na rufe ƙofa. Cikin talatin da shida, goma sha tara suka fito. A cikinsu akwai uku na ɗan yatsana, ɗaya na sararin sama, da wasu da sai an rantse maka za ka yarda mutane ne a ciki. Lissafin littafina ya rushe tun a nan. Amma da na kai kan na Isuhu sai na manta da komai. Ga shi a sama, wuya a miƙe, ido a rufe, balo tana barin goshinsa. Daga gwiwa zuwa sama ya cika takardar tam. Na nuna wa mai ɗakina, ta ce, "Ciwo shika ji?" Na ce ba ta san hoto ba.

Da yammacin Alhamis na sa aka fito da allo aka jingine a gindin itacen dogon yaro na lakwal, na manna hotunan, na Isuhu a tsakiya. Na sa an gaya wa iyaye. Suka zo kuwa, har da diraktanmu, har da masu wucewa. Innar Isuhu ta zo tare da surukinta Baba Arzika, kakan yaron, wanda ya tsufa a cinikin albasa. Isuhu yana bayansu, ya rataya takalman a wuya da igiyarsu don kada su yi ƙura.

Na ciro hoton da hannu biyu na miƙa mata. Ta daɗe tana kallo. Sai ta juya bayan takardar ta duba, ta sake juyowa. Sannan ta ce, a hankali:

"Mushe, ina ƙahwahunai?"

Na yi 'yar dariyar masana. Na ce ai tsalle ya yi, ƙafafun suna ƙasa da inda hoton ya tsaya, abin kallo shi ne kai da balo. Baba Arzika ya karɓa, ya nisanta shi da idonsa, ya sa ɗan yatsa yana aunawa.

"Tsaya in gane, Mushe. Wanda anka ga mutum dut, kai da ƙahwa, dala arba'in?"

Na ce haka ne.

"Wanga da babu daga gwiwa har ƙasa, dala sittin?"

Na ce haka ne, amma...

"Ashe yankewar ad da tsada. Ni shekara arba'in ina sai da albasa, ban taɓa rage buhu in ƙara kuɗɗi ba."

Wurin ya ɗauki dariya. Kamar jira ake, sai kowa ya matso allo yana neman nasa. Wani ya ce na ɗansa ba kai, nawa zai biya. Wata ta ce nata ƙeya kawai ta gani, kuma ba ta da tabbacin ƙeyar ɗanta ce. Wani tela ya ɗaga na yatsana ya tambaya ko wannan ɗan Urno ne. Na waiga wajen dirakta don ya cece ni, na tarar ya juya baya yana duba ganyen dogon yaro, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa maimakon in yi shiru, sai na ɗaga murya na ce a Turai haka ake ɗaukar hoton wasa.

Baba Arzika ya ce, "Ubanai Abijan ya tahi, ba Turai ba."

Aka sake kwashewa. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Innar Isuhu ta jira hayaniyar ta lafa, ta ce:

"Mushe, ba don kuɗɗin ba. Mutumin ga dako shikai, da shi yas sai takalman ga. In ya ga hoton ga babu su, mi za ya ce? Cewa za ya yi mun sai da mun ci. Kuma shina son ya ga tsawon ɗanai, ya bar shi bai kai ƙirji ba."

Nan dariya ta ɗauke. Na dubi Isuhu, ya sunkuyar da kai yana murza igiyar takalman. Kunyar dariyar da aka yi mini ba ta kai rabin wannan ba. A Adar kusan kowane gida yana da wani a ci-rani, na sani, ɗalibaina rabinsu haka suke. Hoto a wurinsu saƙo ne: a ga yaro ya girma, a ga idonsa biyu lafiya, a ga kayan da aka aiko suna jikinsa. Matar ta gaya mini wannan da bakinta a ƙofar gidana, na karɓi kuɗin ƙosanta na je na yi abin da raina yake so.

Na ce mata, "Innar Isuhu, Ilu ba zai isa Abijan ba sai da hoton nan." Ban san yadda zan yi ba lokacin da na faɗa. Kwana uku ya rage, direba kuma kwana shida yake yi.

Washegari da sassafe na je wurin mai hoton gari, wanda na sha cewa aikinsa na tsofaffi ne, na roƙe shi fim mai goma sha biyu. Labari ya riga ni isa. Ya sayar mini da tsada yana murmushi, ya ce in riƙa ja da baya taku uku kafin in danna. Na haɗiye na gode. Da aka tashi karatu na tsayar da Isuhu a jikin bangon aji. Ya sa takalman, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan balo, ya riƙe ƙugu, bai ko ƙifta ba. Na ja baya taku uku, na ƙara biyu don tsoro. Sau huɗu na ɗauke shi. Sauran takwas na kira masu ƙeya da marasa kai na biya su bashin jikinsu.

Ranar Asabar ana tashi daga lakwal na shiga motar Konni da kaina, a bayan akori-kura, tsakanin buhunan albasa. Mai wankin hoto ya ce sai Talata. Na ce ba inda za ni, na zauna a bencinsa na ba shi labarin tun daga kan keke. Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya tashi ya shiga ɗakinsa mai duhu. Kafin magariba ya fito da su suna ɗanye. Abin da na fara dubawa shi ne ƙasan takardar. Takalma biyu, ga su nan.

Motar masu tafiya Abijan ta Konni take bi, don haka na kwana wurin wani ɗan uwa, da safe na tsaya a tasha. Da ta iso na bi tagogi ina kiran Ilu har na same shi, na miƙa masa ambulan. Na dawo Madawa ba ko dala a aljihuna. Mai ɗakina ta tambaye ni ina babur, na ce yana hanya.

Ban bar sana'ar ba. Na yaga kwalin na rubuta sabo, layi ɗaya tak: hoton tsaye, kai da ƙafa, dala hamsin, kuma sai ya fito ake biya. A cikin hamsin ɗin na sa kuɗin waɗanda za su lalace. Hoton wasa kuwa na mayar da shi gyara, wanda ya sayi biyu in ƙara masa ɗaya. Yara suna son su sosai, suna ɓoyewa a cikin littafi, amma ba uban da ya taɓa biya. Babur bai zo ba, sai dai kafin damina na fanso keke.

Bayan kamar wata uku Baba Arzika ya zo lakwal, Isuhu yana biye da shi da sababbin takalma a wuya. Ya ce wani ya dawo daga Abijan da saƙo. Uban ya ga hoton, ya ce yaro ya yi tsawo, ya gode. Amma ya ce ya lura igiyar ba ta haɗe bakin takalmin ba, babban yatsa kuma ya turo fata, ke nan sun matse shi. Shi ne ya aiko da masu girma. Na tambayi Isuhu ko gaskiya ne. Ya ce tun ranar farko suke cin ƙafarsa, ya yi shiru ne don kada a ba ƙaninsa.

Na yi awa ɗaya da rabi ina bin yaron nan da kamara, na tsaya taku biyar daga gare shi na ɗauke shi sau huɗu, ban gani ba. Ubansa ya gani daga Abijan, a takarda da ba ta wuce tafin hannu ba.

Tun daga ranar, kafin in danna sai na tambayi mutum wa za a aika wa, kuma me yake so ya gani. Sannan in fara dubawa daga ƙasa. Abin ya bi jikina, ko da yake na ajiye kamara shekara da shekaru. In muka haɗu ka ga ina kallon takalmanka kafin in dubi fuskarka, ka yi haƙuri, ba raini ba ne.