Rasuwar Allon Mararraba, Mai Kibiya Ɗaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Si Mufaddal mai rumfar kan tudu, inda ake sayar da tajin, wato naman da ake dafawa a tukunyar ƙasa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Allon Mararraba, wanda ya tsaya masa shekara da shekaru a hanyar magangarar ruwa, cikin gandun dajin da ke saman garin Shafshawan. Ba ciwo ne ya ɗauke shi ba. Kisan gilla aka yi masa da hantsi, mutane na kallo.

Marigayin ɗan asali ne. Daga ƙyauren gidan mahaifin Si Mufaddal aka ciro shi, aka rubuta masa "Magangara" da jan fenti, aka zana masa kibiya ɗaya mai nuna hagu. Duk ƙauyen an san magangara dama take, hanya ce shimfiɗaɗɗiya a bakin rafi, wadda ta ratsa ta gaban rumfar Ayyashi, ƙanin matar Si Mufaddal. Hagu kuwa turbar awaki ce, hawa zalla ta gefen kwazazzabo, ba ta kai ko'ina sai rumfar Si Mufaddal. Marigayin ya san da haka, amma har ya koma bai tona asirin ubangidansa ba.

Za a daɗe ana tuna haƙurinsa. Rana ta dake shi, ƙanƙara ta rufe shi, birai sun yi masa kashi a ka, bai taɓa sauke kibiyarsa ba. Iyakar kukansa, in iska ta taso daga kwazazzabo, shi ne "ƙiii, ƙiii", a hankali, kamar mai tasbihi. Albarkacinsa amarya 'yar Kazablanka ta hau tudu da takalmi mai tsini ta sauko a kan alfadari tana zagin ango. Albarkacinsa wani ƙaton ɗan kasuwar Tanja ya iso rumfa da rarrafe, ya sha lemo kofi bayan kofi, yana kuka yana kiran sunan uwarsa. Ba wanda marigayin ya turo da ya taɓa tambayar farashi. Wanda ya hau wannan turba, ko dutse aka dafa masa zai ci ya gode.

Jarrabawarsa ta ƙarshe ta zo a kakar bara. Da yake ba ruwa a kan tudu, Lalla Rahimo, matar Si Mufaddal kuma mai dafa duk abin da rumfar ke sayarwa, ita ke sauka kullum ta ɗauko buhun lemon da take sanyayawa a rafi, ƙarƙashin magangara. Ran nan ta jera tukwane a kan garwashi, ta sauka, santsi ya kwashe ta a kan dutse. Wani baƙo ya buga waya gari. Aka turo samari biyu da gadon ɗaukar majinyaci, sababbi ne, ba su taɓa shiga dajin ba. Suka iso mararraba daidai lokacin da wata babbar mota ta zube mutanen Rabat, sun yi cirko-cirko gaban marigayin, kowa da jaka da yunwa. Si Mufaddal na tsaye yana ƙara masa ƙusa.

"Baba, ina hanyar magangara?" in ji ɗaya daga cikin samarin. "Wata Rahimo aka ce ta faɗi da buhun lemo."

Si Mufaddal ya dubi dama. Ya dubi mutanen Rabat, duk sun zuba masa kunne. Ya tuna Rahimo mace ce mai ƙashi, ta haifi shida ba ta taɓa kwana asibiti ba, tajin kuwa in ya wuce lokacinsa sai dai a ba kare.

"Ku bi allo, 'ya'yana," ya ce. "Ai don haka aka kafa shi."

Marigayin bai ba shi kunya ba. Ya kwashi jama'ar nan kaf, har da gadon, ya haura da su. Ranar ko ƙanzo bai rage a tukunya ba. Kafin samarin su gane, su sauko suna tsine-tsine, la'asar ta yi, Ayyashi ya riga ya tsamo yayarsa daga ruwan sanyi ya ɗora ta a alfadari, ƙugu a karye, leɓe ya yi shuɗi. A asibitin Tetwan ta yi hunturu. Samarin nan su suka kai mata labari, ba su rage ko kalma ba.

Da bazara ta dawo tana dogara sandar ƙarfe. Ba ta bi ta gida ba. Ta sa ƙaninta ya sauke ta a mararraba, ta ce ya ara mata gatari. Si Mufaddal ya gangaro da takalmi ɗaya yana roƙonta ta ji tsoron Allah, ƙyauren ubansa ne, abin da ke ciyar da su ke nan.

"Matsa, Mufaddal," ta ce. "Hannuna rawa yake tun da na kwanta, kada in sari abin da ban yi niyya ba."

Ya matsa. Marigayin ya ce "ƙiii" sau ɗaya, ya ce "ƙas", shi ke nan. Ayyashi, Allah ya saka masa da abin da ya dace da shi, tafi ya yi.

Marigayin ya bar ƙusoshi masu tsatsa, da rabin gwangwanin jan fenti, da tukwanen tajin da gizo-gizo ya tare a ciki, da kujerun roba da birai suka gada. Bai bar magaji ba. Si Mufaddal ya yanko kwali zai kafa wani, ya tarar an ajiye kujera a kan ramin marigayin. Lalla Rahimo ce zaune tana feraye dankalin rumfar ƙaninta, inda ta koma da zama da girki. Duk baƙon da ya iso, ko bai tambaya ba, sai ta ɗaga sandar ƙarfe ta nuna masa dama.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a murhun Ayyashi, inda za a cusa gawar ƙarƙashin tajin ɗin akuya. Si Mufaddal ya nemi a ba shi ko da guntun da kibiya take, aka ce in yana son rabonsa ya sayi faranti kamar kowa. Zaman makoki a rumfar kan tudu ne, kullum, daga safe har magariba. Masu zuwa ta'aziyya su taho da ruwansu da burodinsu, babu mai girki. A mararraba a yi hagu, kuma don Allah kada a ambaci sunan Si Mufaddal a gaban matar da ke zaune a wurin.