Kwalbar Makdus da Kuɓewar da Na Ɓoye

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kwalbar yalo ta so ta raba ɗana da matar aure ba.

Ɗana Sadiƙ haifaffen Madina ne (irin yaran da za ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci). Ya ga wata 'yar Siriya, Lina, ya ce sai ita. Ubanta ya amince, uwar ce, Ummu Samir, take ta jan ƙafa. Abin da ya dawo kunnena, wai ba za ta kai 'yarta gidan da ba a san muneh ba. Muneh ita ce ajiyar kicin ta shekara da matansu ke yi: ɓarzajjiyar alkama, garin ganyen ƙamshi na za'atar, busasshen na'ana'a, da uwa uba makdus, wato ƙananan yalo da ake cusa wa jauz (wata irin gyaɗarsu) da tattasai da tafarnuwa a nutsar cikin man zaitun.

Ni da nake haɗa magani a asibiti, yalo ne zai gagare ni? Na shiga wani shagon 'yan Siriya a unguwar Harra ta Gabas na yi lodi, na jera kwalabe reras. Kukata da daddawa da busasshiyar kuɓewa kuwa na cusa su ƙarƙashin wurin wanke-wanke, kada su ba da ni.

Mai shagon ya ce a zuba wa yalon gishiri, a danne shi da abu mai nauyi har ruwansa ya tsane ƙaf. Na ce ɓata lokaci ne (mu a Kano rana muke bar wa wannan aikin). Na ɗan shanya shi a taga, na ɗura, na rufe gam.

Ranar da Ummu Samir ta zo, ko shayi ba ta ƙarasa ba ta nemi kicin.

"Masha Allah, ya Ummu Sadiƙ, har da makdus?"

"Da hannuna na yi," na ce, ina hura hanci.

Tana murɗa murfin sai ji muka yi fuuu! Mai da kumfa suka yi tsiri, suka wanke mata abaya har tabarau, tsami ya cika gidan. Sadiƙ ya leƙo: "Umma, esh hada?" Wato mene ne wannan. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, na kashe wa yarona aure.

Baiwar Allah ta sunkuya neman tsumma, sai ga ta ta jawo buhun kuɓewata.

"Bamiya! Ke kika busar?"

"Duk shekara," na ce da 'yar murya.

Ta fito da kuka, ta fito da barkono, ta shinshina daddawa (ta yamutsa fuska, ba zan yi ƙarya ba). Sai ta fashe da dariya. "To ai ga muneh nan! Kika ɓoye taki, kika jera mini kayan shago?"

Nan take kaina ya dawo wuyana. Na ba ta aron abaya, na ɗora tuwon shinkafa da miyar busasshiyar kuɓewa. Sai da ta nemi ƙari. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce, "Khalas, magana ta ƙare, ku turo mazanku a sa rana."

Yau Lina ce ke danne yalo a gidan, kwalabenta na jere da daddawata a kanta ɗaya. Ni dai na koyi abu biyu: yalo ba ya son gaggawa, kuma Ummu Samir ƙarƙashin wurin wanke-wanke take fara dubawa.