Kalma ɗaya, aiki goma

Jama'a, ranar Talata a layin burodi na unguwarmu Dar Salam na sha kunya. Rania, 'yar ƙanwata, ta damƙa mini littafin Turancinta wai in riƙa yi mata tambayoyi, don za ta gwajin aikin tafinta a wani ofishin ruwa da Turawan agaji ke zuwa. Ni da Turancina bai wuce gaisuwa ba! Ina can ina kokawa da shafi, burodi ya ƙare a kan idona.

Abin da ya ɗauke mini hankali wata 'yar kalma ce, "get". Rania ta ce da ita Bature yake tashi daga barci, da ita yake hawa raksha, keken haya mai ƙafa uku, ya sauka, da ita yake samun aiki, ya yi aure, ya yi fushi, har ya warke daga zazzaɓi.

Na ce, "Duk ita kaɗai? Ba ta da dangi ne?"

Ta ce, "Wallahi Kawu, ko rabi ba mu yi ba."

Tausayin kalmar ya kama ni. Maƙwabcina Mainasara mai raksha, da ke bayana a layi, ya ce, "Ya zol, bawan Allah, me ka gani? Uban Kwamitoci na unguwarmu ya fi ta. Shi ne na ruwa, shi ne na gas, shi ne na shara."

Gaskiya ne, Allah ya ƙara wa Mai Girma Uban Kwamitoci kujeru. Bambancin kawai, kalmar Bature duk inda aka aike ta tana zuwa. Mai Girma kuwa tun bara yake hanyar zuwa duba famfonmu, har yau da amalanken jaki muke sayen ruwa.

Yarinyar nan ta yi karatu kamar za ta haɗiye littafin, domin uwarta ta gaji da sayar da shayi a bakin titi. Ranar gwaji ta zo ta ɗaya. Muka yi murna, har na yi alkawarin kaza.

Jiya aka sanar da wanda ya samu aikin: ɗan wan Mai Girma, yaro mai ladabi, wanda ni ma na fi shi Turanci. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Yau da hantsi sai ga yaron a ƙofarmu da sabuwar jallabiya, yana zufa.

"Ustaza Rania, Turawa za su zo Alhamis. Ki taimaka ki tsaya bayana, in sun yi magana ki raɗa mini."

Rania ta ce, "Tamam, na ji. Amma kujera fa?"

Ya ce ai ofis bai ware wa mataimaki kujera ba.

To ku shaida, ba a hana 'yarmu aiki ba. Albashin kawai aka ɗauke mata, kada nauyi ya yi mata yawa.