Rasuwar Muciya, Sandar Wasan Gidan Malam Hayatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Hayatu Sodangi, malamin lissafi mazaunin Mabera, yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki da maƙwabta, da duk wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa, rasuwar sandar wasan kwamfutarsa, wadda Turawa ke kira joyistik, mutanen gida kuma suka sani da suna Muciya. Ta cika ranar wata Talata da hantsi, a kan teburin falo, tana tsakiyar aiki, bayan gajeriyar jinya. Shekarunta huɗu da wata biyar.

Malam ya san akwai waɗanda za su yi dariya. Yana roƙonsu su daure su karanta har ƙarshe, kamar yadda yake roƙon 'yan ajinsa su karanta tambaya duka kafin su ɗauki biro.

An haifi marigayiya a ƙasar Turawa. Ta shigo Sakkwato a shekarar 1983 cikin akwatin Malam, naɗe da rigar sanyi, lokacin da ya dawo daga kwas ɗin wata tara, a kwanakin da kuɗin mai bai gama ƙarewa ba, ana tura malamin makaranta ƙasar waje kamar an aike shi kasuwa. Kwamfutar ya saya don koyar da lissafi. Sandar kuwa gyara ce mai kanti ya ɗora masa, irin wadda mai gero ke ƙara wa mutum bayan an gama awo. Baƙa ce, gajera, mai jan kai, da ƙafafun roba huɗu masu manne wa tebur. Inna Atika, mahaifiyar Malam, ita ta raɗa mata suna ran da ta fara ganinta. Ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce, "Wagga 'yar muciya, tuwon wa za ta tuƙa?"

Shekara biyu ta yi a cikin kabad, ba mai tambayarta.

Mahaifin Malam, Baba Sodangi, baduku ne. Shekara arba'in ya yi a rumfarsa kusa da Hubbare yana ɗinka gafaka da takalma da jakunkuna na jar fata, masu ziyara na saye suna kai wa garuruwansu tsaraba. A daminar 1985 hawan jini ya kayar da shi, ya tashi ɓarinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo kaɗan-kaɗan, baki ya dawo, hannu ya ƙi. Yatsun suka dunƙule kamar na mai ɓoye goro. Malam ya ɗauko shi da Inna ya dawo da su Mabera. Likita ya ba da ƙwallon roba, ya ce a riƙa matsawa safe da yamma. Baba ya dubi ƙwallon, ya ce shi ba yaro ba ne, ya jefa wa akuya. Aka kawo masa basillarsa ta ɗinki ko zai yi marmari, ya juya fuska bango ya ce a fitar da ita daga ɗakin.

Wata Asabar Malam ya fito da Muciya daga kabad yana gwada wani kaset da ya zo da kwamfutar. Wasa ne na wani ɗan mutum riƙe da kwando, kaji shida a jere a sama suna sakin ƙwai, mai wasa ya tura shi hagu ko dama ya tara. Malam ba gwani ba ne. Ƙwai sai fashewa suke yi a talabijin ɗin da aka jona wa kwamfutar. Baba na kwance a doguwar kujera yana kallo ta wutsiyar ido, har abin ya fi ƙarfinsa.

"Kai Hayatu! Wagga ɓarna har ina?"

"Baba, ai ba ƙwan gaske ba ne."

"Ko na ƙarya na, ɓarna ɓarna ta. Miƙo mani abin ga."

Ya miƙo hannun hagu. Malam ya ce ai ba ta jin hagu, don hannun dama Turawa suka ƙera ta. Wannan ƙarya ce, kuma yana neman gafarar Allah a kanta. Ya durƙusa ya buɗe yatsun Baba ɗaya bayan ɗaya ya ɗora su a wuyan marigayiya. Ran nan ƙwai biyu Baba ya tara cikin tamanin. Ya zagi kajin, ya zagi mai kwando, ya ce a sake.

Waɗanda suka zauna da marigayiya sun shaide ta da taushin hali. Hannun da ba ya iya ɗaga cokali in ya tura ta, sai ta tafi. Ba ta taɓa zamewa daga inda aka ajiye ta ba. Ba ta taɓa ce wa Baba "sannu, Allah ya ƙara sauƙi" da muryar tausayin nan da ya ƙi jinin ji ba. Maganarta biyu ce duk duniya. In an tura ta hagu ta ce ƙyas, in an tura ta dama ta ce ƙyas-ƙit. In an ɗauke wuta ta jira, in an kawo ta ci gaba, ba ƙorafi. Daga tsakar gida Inna kan gane yadda hannun ya kwana, daga saurin ƙyas-ƙyas ɗin kawai.

A hannunta, bayan wata huɗu Baba ya riƙe cokali. Bayan wata bakwai ya ja tasbaha da dama. Bara ya gaisa da liman hannu da hannu, liman ya ce wallahi ya ji matsa. Ranar da ya tara ƙwai ɗari uku da sha biyu, sai da ya sa aka kira maƙwabta su gani kafin a kashe talabijin. Basilla kaɗai ya ƙi taɓawa duk tsawon lokacin. Ya ce baduku ya yi ɗinki karkatacce, gara a ce ya mutu.

Ciwon ajali ya fara mata ne a watan jiya. Sai a tura ta hagu ta yi shiru, mai kwando na tsaye ƙiƙam, ƙwai na zuba a gefensa. Muryarta ta dushe, ƙyas ya koma caɓ. Ranar waccan Talatar kanta ya langaɓe a tafin Baba, bai sake miƙewa ba.

Malam ya kai ta wurin Lawwali mai gyaran rediyo a Gidan Dare. Lawwali ya kwance ta, ya leƙa, ya shinshina, ya ɗago kai ya ce, "Malam, suya kunka yi cikinta?" Cikinta cike yake da man kaɗanya. Kowace safiya Inna takan shafa wa hannun Baba man kaɗanyar da ta haɗa da saiwoyi, ta murza yatsa-yatsa, sannan ta raka shi tebur. Shekara biyu man nan na bin wuyan marigayiya yana gangarawa, ƙura na binsa, har tagullar ciki ta yi kore, ɗan ƙarfen da ke miƙar da ita ya ruɓe ya karye. Lawwali ya yi iya ƙoƙarinsa. Har wata ya haɗa da makunnin ƙararrawar ƙofa da kan giyar mota, amma da aka jona ta sai mai kwando ya ruga hagu ya manne da bango, ya ƙi dawowa.

Inna ba ta karanta boko. Duk wanda zai karanta wannan takarda a fili a cikin gida, don girman Allah ya tsallake sakin layin da ke sama. Ita an ce mata tsufa ne.

Marigayiya ta bar kwamfuta guda da talabijin guda, duka lafiya lau. Ta bar kaset, da mai kwando, da kaji shida da ba su san an yi rashi ba. Ta bar hannun dama na wani dattijo, wanda likita ya ce in ya yi wata guda ba ya aiki zai koma yadda yake, kuma karo na biyu ba kasafai yake buɗewa ba. Yau kwana goma sha tara da rasuwarta.

Tun ran da ta cika Malam yake yawon neman magajiya. In an tashi makaranta sai ya hau babur, ba ya komawa gida sai la'asar sakaliya. A wani babban kanti ya ga guda ɗaya a cikin gilashi, ƙatuwa, mai maɓallai har a ƙeya. Kuɗinta albashin wata biyu ne, a wannan zamani da soja suka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Duk da haka ya roƙa aka fito da ita, don ya yanke shawarar sayar da babur. Da ya tura ta sai ya ji kamar yana tura turmi. Don samari masu ƙarfi aka yi ta. Ya mayar, ya yi godiya.

A kasuwa wani mai kawo kaya daga Ikko ya fito masa da wata daga ƙarƙashin tarin agoguna, mai araha, mai taushi kamar marigayiya. Malam ya saya ko ciniki bai yi ba, ya taho gida yana ta hamdala a kan babur. Sai da ya zo jonawa ya ga kan wayarta zagaye ne, bakin kwamfutar kuwa mai tsinke tara ne a layi biyu. Ya daɗe zaune a ƙasa da wayar a hannu. Malamin lissafi, bai ƙirga ba.

Wani abokin aiki ya aro masa wata daga gidan wani babban ma'aikaci, shimfiɗaɗɗiya kamar sabulun wanki, ba ta da wuya sai maɓallai. Wannan da babban yatsa ake danna ta, kuma babban yatsan Baba shi ne bai gama farkawa ba. An gwada masa maɓallan kwamfutar ma, yatsa ɗaya na danna uku, ya ture ya ce shi ba akawu ba ne.

Duk wannan lokaci Baba ce masa aka yi an kai Muciya Kaduna gyara. Kowace safiya Inna na shafa mai, shi kuma yana tambaya ko motar Kaduna ta iso. A kwana na sha biyu kofin kunu ya suɓuce masa ya faɗi. Ya dubi kofin, ya dubi yatsunsa biyu na ƙarshe da suka fara lanƙwashewa ciki, ya ce a kira masa Hayatu.

"Zamna. Ni na haihe ka, ba ka iya ƙarya ba tun kana ƙarami. Kaduna ta tahi ko lahira?"

Malam ya sunkuyar da kai.

"Ina gawar?"

"Tana cikin kwalin takalmi, Baba."

"Kwalin takalmi! Abin da ya yi mani bauta shekara biyu? Ba ku da kunya. Ɗauko mani jar hwata da basillata."

Saboda haka ana sanar da jama'a cewa likkafanin marigayiya na jar fata ne, kuma Baba Sodangi ne ke ɗinka shi da hannunsa. Ranar farko ɗinki uku ya yi, basilla ta faɗi sau bakwai, gumi ya jiƙa masa riga. Jiya ya yi goma sha ɗaya. Malam yana zaune kusa yana gyaran littattafan 'yan aji, ba ya ɗago kai, amma yana ƙirgawa. Abin da ke hana shi cin abinci shi ne, marigayiya 'yar ƙarama ce, likkafaninta bai fi tafin hannu biyu ba. Ran da aka gama shi aka rufe ta, Baba zai sake cewa a fitar da basilla, kuma ba abin da hannun zai riƙe.

Don haka Malam yana roƙo, ba da wasa ba. Duk wanda ya je kwas a shekarun nan ya dawo da kwamfuta, ya duba kabad ɗinsa da ƙarƙashin gado. Ana neman mai wuya, mai taushi, mai ƙafafun roba, mai rami tara a kan waya. A ƙirga ramukan. Ko tsohuwa ce, ko jan kanta ya fashe, ba komai. Saye ko aro, babur na nan. A same shi a ofishin malamai daga safe zuwa tashi.

Game da jana'iza, ba wanka ba salla, liman ya riga ya ja wa Malam kunne. Za a rufe ta a gindin dalbejiyar tsakar gida. Da an sa ranar Juma'ar nan, amma yau da safe Baba ya ɗaga fatar ya duba ta a hasken taga, ya yi tsaki, ya sa basilla ya warware layi guda cur. Ya ce, "Kak ka kira mutane tukuna. Ba a bizne ta da aikin kunya."

Saboda haka ba a sa rana ba. Ana karɓar gaisuwa a gida a Mabera kullum bayan la'asar. Ba sai an zo da goro ba. Baba zai nuna wa kowane baƙo ɗinkin, zai kuma tambaye shi yadda ya gani. Malam ya san mutanen garin nan da kara da tausayin dattijo, amma yana roƙonsu su ajiye karar a zaure. Wanda aka tambaya ya duba da kyau, ya ɗan girgiza kai, ya faɗi gaskiya: ya karkace.